Wa Ya Sace Muryar Shata a Taura?

Da shigowar bazara labari ya bazu a majalisar da Kawuna yake zama bayan la'asar a Taura, wai na'urar sauraron waƙar da ɗansa ya aiko masa daga Dubai ta daina jin Hausa. 'Yan majalisa suna faɗa suna dariya, shi kuwa mai abin ko murmushi ba ya yi. In ya kunna Mamman Shata sai kalangu ya janye, 'yan amshi su dushe, muryar Shatan kanta ta koma can nesa, a cewarsa kamar an jefa mawaƙin rijiya yana rerawa daga ciki. In ya kunna Haruna Uji na Haɗeja, gurmin da muryar duk sai su ɓace, ba abin da ke saura sai shuuu. Amma kiɗe-kiɗen Turawa marasa waƙa da aka zubo mata na gwaji suna nan ana jin su, ko da yake sun rame. Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne, wani lokaci muryar takan dawo garau na ɗan ƙiftawar ido, ta sake tafiya.

Na'urar ba irin em-fin nan ba ce da ake ratayawa a kan babur ko a rumfar mai shayi. Faɗinta bai fi na waya ba, amma ta ninka waya kauri da nauyi, jikinta ƙarfe, da ɗan gare-gare a gefe na ƙara murya. Ba ta ɗaukar layi, ba ta ɗaukar hoto, aikinta ɗaya ne tal. Zuriyarsu ta faro ne daga Walkman ɗin da kamfanin Sony na Japan ya fitar a 1979, wadda ta fara sa mutum ya yi tafiya da kaset a ƙugu. A 2001 Apple ya zo da iPod, aka koma zuba waƙa dubu a aljihu. Daga baya waya ta haɗiye wannan aiki, har Apple ya daina ƙera iPod a 2022. Sai dai wani reshe bai mutu ba. Kamfanoni irin su Astell&Kern na Koriya ta Kudu, wanda ya fitar da na'urarsa ta farko a 2012, da FiiO na Sin, da shi Sony ɗin, sun ci gaba da ƙera masu tsada domin mutanen da sautin waya bai ishe su ba. Abin da ake biya a cikinsu abu biyu ne: ɓangaren da ke mayar da lambobin fayil su zama sauti, da amfilifayar da ke tura sautin zuwa kunne da ƙarfi ba tare da ƙazanta ba. Ɗan Kawu ya ce kuɗin wannan ya haura na sabon babur. Da kaka na'urar ta iso, ta yi aiki lafiya lau duk tsawon hunturu, sai ga wannan.

Ni a Dutse nake aiki, nakan zo gida ƙarshen mako. Da na shiga gaishe shi sai ya tura mini ita kan tabarma.

"Ɗana, kai ne ɗan boko na yanzu. Duba mini wannan abu, kada in kira yaron nan in ɗaga masa hankali a banza."

Wanda majalisa ta fara tuhuma shi ne kunnen Kawu, don ya haura saba'in. Zargin ba na wasa ba ne gaba ɗaya. Lafiyayyen kunnen yaro yana kama sauti tun daga mai kaɗawa sau 20 a sakan har zuwa mai kaɗawa sau 20,000, shekaru kuma suna zaftare na saman a hankali. Amma tsufa siraran sautuka yake fara ci, ba ya tsame muryar mawaƙi ya bar shuuu ɗin kaset, wanda shi ne ma ya fi siranta. Kuma tsufa ba ya tafiya ya dawo cikin sakan guda. Na goge iyafis ɗin na sa a kunnena, na ji abin da ya ji, ba ragi ba ƙari. Kunne ya kuɓuta.

Shi Kawu tun farko mai tura waƙa yake zargi. Memorin da ke cikin na'urar a kasuwar Gujungu aka cika masa shi, wajen samarin nan masu kwamfuta a ƙarƙashin rumfa, waɗanda za ka miƙa wa memori ka ce a zuba maka Ɗanƙwairo da wa'azi da fim. Hujjarsa ta zamanin kaset ce, kuma a zamaninta gaskiya ce. Kaset ɗin da aka kwafa daga kwafi yakan fi na farko dushewa, wanda aka kwafa daga shi ya fi shi, har waƙa ta koma hayaniya. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta yi shekaru tana raba irin wannan kaset zuwa ko'ina a Arewa, har wani masani, Brian Larkin, ya yi bayani a littafinsa na 2008 kan yadda kunnuwa da idanun mutane suka saba da dusasshen sauti da hoto saboda yawan kwafi. Kawu ya ɗauka haka abin yake har yau, wato waƙar da ta bi ta waya ɗari dole ta iso a gajiye.

Ranar kasuwa na kai wa mai turin memorin. Bai ko ɗago kai sosai ba.

"Oga, abin da na zuba wa Baba shi na zuba wa kowa. In da murya tana zubewa a hanya ai da tuni an rushe mini rumfa."

Ya zare memorin ya sa a wayarsa, Shata ya tashi tangaram, har mai rake na gefe ya juyo. Gaskiyarsa ce. Fayil lambobi ne, in aka kwafa shi ta Xender ko ta Bluetooth ko ta kwamfuta, lambobin nan ne dai suke isa ɗaya gefen, na dubu daidai yake da na farko. Akwai jabun memori a kasuwa, wanda aka rubuta masa girman da bai kai ba, amma ɓarnarsa daban ce: fayil ya ƙi buɗewa, ko waƙa ta yanke a tsakiya, ko ta ɓace ɗungurungum. Ba ya zaɓen murya. Mai turi da memorinsa su ma suka fita.

Sai na koma cikin na'urar kanta. A nan ne mutum yake gane cewa waɗanda suka ƙera ta ba dattijon Taura suke hange ba. Kawu tsohon hedimasta ne, Turanci ba baƙonsa ba ne, amma Turancin da ke cikin saitinta na injiniyoyi ne, shafi bayan shafi. Gilashinta ba ya karantuwa a rana, kuma ba ya jin yatsa in da danshin alwala. Abin da na je nema shi ne wurin daidaita sauti, inda ake ɗaga wani sashe a danne wani. Mafi yawan abin da ke sa a gane maganar mutum yana tsakanin kaɗawa 300 ne da 3,400 a sakan, shi ya sa ma tsohuwar wayar tarho iyakar abin da take ɗauka ke nan. In wani jika ya yi wasa da wurin ya danne wannan tsakiyar, murya za ta ja baya. Na duba, a kashe yake. Don a cire shakka na mayar da komai yadda ya fito daga kamfani. Na'urar ta ɗauki lokaci tana sake ƙirga waƙoƙin memori, ta jero rabinsu a ƙarƙashin mawaƙin da ba a sani ba, saboda fayilolin masu turi ba su ɗauke da sunan mawaƙi a cikinsu, wasu ma sunan shafin da aka sauke su ne a jiki. Jerin da Kawu ya sha wahalar tsarawa ya tafi, ya yi tsaki. Muryar kuwa ba ta dawo ba.

Da zarge-zargen sauƙi suka ƙare, sai na ɗauko takarda, muka zauna muna kunna waƙa ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta abin da ya ɓace da abin da ya saura. Kafin magariba takardar ta rabu gida uku. Gida na farko tsofaffin ɗauka ne: Shata, Uji, Ɗanƙwairo, Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, har da karatun tafsiri. Waɗannan kusan komai nasu ke tafiya. Gida na biyu waƙoƙin situdiyo ne na yanzu, irin na finafinan Kano. A cikinsu mawaƙi yana ɓacewa, dukan ganga mai nauyi yana ɓacewa, amma amsa-kuwwar muryar da wasu kayan fiyano suna nan suna yawo. Gida na uku kiɗan gwajin nan ne, da ya fi kowa tsira. Sai na tura mata wata waƙar Turanci daga wayata, mai mawaƙiya ɗaya. Ita ma muryarta ta tafi, ta faɗa gida na biyu. Maganar jin Hausa ta mutu a nan. Na'urar ba harshe take ƙi ba, duk abin da ke tsakiya take cinyewa.

Bayanin tsakiya yana buƙatar a koma baya kaɗan. A 1931 wani injiniyan Ingila mai suna Alan Blumlein, ma'aikacin kamfanin EMI, ya yi rajistar dabarar ɗaukar sauti ta hanya biyu, ɗaya ta kunnen hagu ɗaya ta dama, wadda ake kira sitiriyo. Mai haɗa waƙa a situdiyo yana iya ajiye jita ta fi ƙarfi a hagu, sarewa a dama. Abin da yake so a ji shi a gaba sosai, wato mawaƙi da babbar ganga, sai ya zuba shi daidai wa daida a hanyoyin biyu, ƙwaƙwalwa kuma ta ji shi a tsakiyar kai. Tsofaffin waƙoƙinmu akasari ta hanya ɗaya aka ɗauke su, makaɗa da mawaƙi da 'yan amshi duk a gaban makirufo, don haka abin da ke hagu shi ne a dama, komai nasu tsakiya ne.

To a ce wani abu ya sa kunne ya daina samun hagu daban dama daban, ya koma samun bambancin da ke tsakaninsu kawai. Inda hagu ke da 5 dama ke da 5, saura sifiri. Inda hagu ke da 7 dama ke da 3, saura 4. Mawaƙi zai tafi, jitar gefe za ta tsira, tsohuwar waƙa za ta shuɗe gaba ɗaya. Har shuuu ɗin Haruna Uji ya sami bayani. Ƙarar zaren kaset ba ta zuwa iri ɗaya a hanyoyin biyu, kowace da tata, saboda haka in aka debe wannan daga wancan waƙar ce ke mutuwa, ƙarar ta zauna daram. Gidajen nan uku na takardata duk lissafi ɗaya ya haife su. Saura a gano inda ake yin debewar.

Na haɗa na'urar da wata 'yar sifika ta Bluetooth. Shata ya fito cikakke. Wannan ya nuna cewa tana karanta fayil daidai. Sai dai Bluetooth lambobi yake aikawa, sifikar ce ke mayar da su sauti, wato hanyar ba ta bi ta ɓangarorin nan biyu masu tsada ba, ba ta kuma bi ta ramin iyafis ba. Ɓarawon yana cikin ɗan taƙin da ya rage ke nan: ko mai juya lambobi, ko amfilifaya, ko ramin, ko igiyar.

Muka je wurin wani mai gyaran waya a bakin titin da ya taho daga Ringim ya nufi Haɗeja. Ya sa iyafis ɗin Kawu a waya, lafiya ƙalau. Ya sa nasa iyafis ɗin a na'urar, murya ta ɓace. Na ba shi nawa, haka. Ya hura ramin, ya zura tsinke ya fito da 'yar ƙura ta hunturu, ba abin da ya sauya.

"Baba, ai-si ne ya tafi. Sai an buɗe an sa mata wuta."

Kawu ya miƙa hannu ya karɓe abarsa. "Yaro, Allah ya yi maka albarka. Amma abin da ban san yadda aka rufe shi ba, ba a buɗe shi a gabana."

Bisa hujjar da ke ƙasa mai gyaran bai yi wauta ba. Iyafis yana aiki a wani wuri, na'ura ta ƙi aiki da kowane iyafis, hankali zai ce laifin na'ura ne. Abu ɗaya ne ya ƙi shiga wannan hukunci. Abin da ya ƙone a ciki ba ya warkewa na sakan guda ya sake ƙonewa, muryar nan kuwa tana leƙowa tana komawa.

Wadda ta warware wannan ƙulli jikarsa ce, 'yar aji biyar a firamare, wadda ke kawo masa fura. Tana jin muna maimaita zancen sai ta ce:

"Ni fa na san inda muryar take. A ƙirjin angona take ɓuya."

"Amarya, bar shirme, manya na magana."

"Allah kuwa. Duk sanda za ka miƙe sai ka damƙe igiyar a ƙirji, sai ka ce ta dawo. Kana saki sai ka yi tsaki."

Na ce ya yi yadda ya saba. Ya kama igiyar don kada ta maƙale a rigarsa, ya yunƙura, sai fuskarsa ta washe. Na duba abin da ke tsakanin yatsunsa. Ɗan kumburin nan ne na jikin igiya, mai makirufo da maɓallin amsa kira. In an danna, murya ta dawo. In an saki, ta tafi. Na zare bakin iyafis ɗin na ƙirga baƙaƙen zobban da ke jikin ƙarfen. Uku ne.

Bakin iyafis na sauraro zalla zobe biyu gare shi, ya raba ƙarfen gida uku: tsini na kunnen hagu, na tsakiya na dama, dogon gindin kuma layin komawa, wanda wutar kunnuwan biyu ke bi ta dawo cikin na'ura. Iyafis na waya yana da zobe uku da gida huɗu, saboda an tsaga gindin biyu an ba makirufo rabi. A tsarin da tsofaffin wayoyin Nokia suka bi, layin komawa ne a can ƙarshen gindi. A tsarin da Apple ya bi, wanda yawancin wayoyin yau suka koma, makirufo ne a ƙarshen, layin komawa yana gabansa. Ramin na'urar Kawu na masu gida uku ne, don ba a yi ta domin kira ba, kuma ɗan harshen ƙarfen da ke taɓa layin komawa yana daf da bakin ramin. In aka tura mai gida huɗu har ƙarshe, harshen sai ya sauka a kan makirufo. Makirufo kuwa ba ya barin wuta ta ratsa shi sai 'yar kaɗan. Da wutar ta rasa hanyar komawa, sai ta shiga ta kunnen hagu ta fita ta na dama, abin da ke motsa su ya zama bambancin da ke tsakanin hanyoyin biyu kawai. Ga inda ake debewar. Maɓallin amsa kira kuma aikinsa shi ne ya haɗe layin makirufo da layin komawa, shi ya sa dannawa ke dawo da Shata. Iyafis ɗin mai gyara da nawa duk na waya ne, masu zobe uku, don haka shaidarsu ɗaya ce aka maimaita.

Sai wata tambayar ta taso. Yaya kamfani zai haɗa na'ura da iyafis ɗin da ba ya shiga da ita?

"Kawu, wannan shi ne wanda aka aiko da ita?"

Ya ɗan yi shiru, sannan ya aiki yarinyar ta ɗauko wani ƙaramin akwati a cikin adaka. Ga iyafis ɗin asali a kwance, igiyarsa a murɗe, bakinsa zobe biyu. Irin mai robar nan ne da ke shiga can cikin kunne ya toshe. Ya ce daɗinsa ba a magana, amma ranar da aka kira la'asar bai ji ba, sai da ya ga mutane suna fitowa daga masallaci, ranar ya cire shi. Kafin nan ma maƙwabci ya tsaya a ƙofar zaure yana ta sallama, ya juya yana cewa Malam ya fara girman kai. Sai ya sayi na ɗari-ɗari a kasuwa, mai zama a bakin kunne, wanda ke barin sautin gari ya shigo. Bai gaya wa kowa ba don kada ɗansa ya ji an ajiye rabin kyautarsa.

"Amma kada ka ɗora wa wannan laifi," in ji shi. "Tun tsakiyar hunturu na canza shi, ya yi ta aiki lafiya. Sai da zafi ya shigo abin ya lalace."

Maganarsa ta kusa rushe ginin duka. In iyafis ɗin ne, me ya sa bai nuna hali tun ranar farko ba? Na tambaye shi abin da ya sauya da shigowar zafi. Ya ce ba komai, sai dai rigar fatar da ya tuɓe mata. Irin waɗannan na'urori suna ɗumi in suna aiki saboda amfilifayarsu, a watan Afrilu kuwa zafin Jigawa yakan haura digiri 40, ga fata a kai. Ya ji tana ƙona masa aljihu, ya cire. Dabara ce mai kyau, don zafi yana rage wa batiri kwana. Aka ɗauko rigar aka mayar, aka tura iyafis ɗin kasuwa. Shata ya fito garau. Aka tuɓe, ya ɓace. Na ja bakin iyafis ɗin baya kaɗan da farce, ya dawo. Kaurin fatar da ke kewaye da ramin shi ne ya riƙa tare iyafis ɗin, ya hana shi shiga har ƙarshe, harshen ƙarfen ya riƙa sauka a gidan da ya dace. Duk hunturu rigar ce ke rufa asiri, ba wanda ya sani.

Maganin bai kai kuɗin cefanen yini ba. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano na samo masa iyafis mai zama a bakin kunne, marar makirufo, zobe biyu. Shi yake sawa da rana. Mai tsadar kuma sai bayan isha'i, in gari ya yi shiru ba a jiran sallamar kowa.

Da aka kama ɓarawo sai aka sami damar yi wa na'urar hukuncin adalci, da iyafis ɗinta na asali. Faifan CD, wanda ya shigo kasuwa a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a sakan, yana zubo kilobit 1,411 a kowane sakan. MP3, da aka ƙirƙiro akasari a cibiyar Fraunhofer ta Jamus, yana zubar da abin da ake ganin kunne ba zai lura da shi ba, ta yadda mai lamba 128 bai fi kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na girman CD ba. FLAC kuwa yana matse fayil ba tare da ya zubar da komai ba. In aka ba na'urar nan ɗauka mai kyau a FLAC, ko ma MP3 mai lamba 320 na gaskiya, wanda da wuya kunne ya bambanta shi da CD, tana biyan kuɗinta. Bayan kiɗan shiru ne tsit, ba ƙarar wuta. Ana jin yadda makaɗi ke matse tsarkiyar kalangu sautin ya hau ya sauka, ana jin numfashin mawaƙi kafin ya ɗauki baiti. Ta fi waya, babu musu. Amma ratar da ke tsakaninta da waya ba ta kai ratar da ke tsakanin iyafis mai kyau da na kasuwa ba, ita kuma wannan ba ta kai ratar da ke tsakanin fayil da fayil ba.

A nan ne tsofaffin waƙoƙin suka ba mu kunya. Muryar ta dawo, amma da yawansu a shaƙe suke, wasu da wani ɓulɓuli a bayan amshi. Na kwashe su zuwa kwamfuta na buɗe da Audacity, manhajar kyauta da ke zana hoton sauti. Gani ya kori ji. Wata waƙar Ɗanƙwairo da aka rubuta wa 320, hotonta a yanke yake ƙat a wajen 16,000, alamar da MP3 mai lamba 128 ya saba bari. Wani ne ya sake juya ta zuwa 320, ta ƙara nauyi ba ta ƙara komai ba. Wata ta Haruna Uji ba ta da ko ɗigo sama da 4,000, irin tabon da bidiyon 3GP na ƙananan wayoyin da yake bari. Kwafi ba ya rage fayil, amma juyi daga wani tsari zuwa wani yana ragewa, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Waƙar da ta tashi daga rediyo ta shiga kaset, daga kaset zuwa wani kaset, aka ɗauke ta da waya, aka ɗora a YouTube, aka sauke aka mayar MP3, ta bar wani abu a kowane zango. Ashe zargin Kawu yana da ƙamshin gaskiya, wurin ne kawai ya saɓa. A em-fin mai shayi ba a jin wannan rauni, domin ita ma ba ta kaiwa can. Na'ura mai tsada ba ta gyara shi, fito da shi take yi fili.

Shata ya rasu a 1999, Ɗanƙwairo a 1991, Ɗanmaraya a 2015. Ba wanda zai sake shigar da su situdiyo. Mafi kyawun abin da ya rage na muryoyinsu yana kan faya-fayan garmaho da kamfanoni irin su EMI suka buga, da zaren da gidajen rediyo suka ɗauka, musamman na Kaduna da ya fara aiki a 1962, da kuma kaset-kaset na farko-farko da ke cikin kwalaye a ɗakunan dattawa. Zaren kaset kuwa zafi da ƙura da damina suna cin sa kowace shekara. Wannan aiki ne da ya dace da gidajen rediyon Dutse da Kano, da sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu: a juye kowane zare sau ɗaya, da na'ura mai kyau, a tsarin da ba ya zubar da komai, a rubuta sunan mawaƙi da na waƙa a cikin fayil. Daga wannan uwar kowa sai ya kwafa, mai turi na Gujungu ma ya samu.

Kawu yana da irin wannan kwali a ƙarƙashin gado. Muka aro tsohuwar rikoda, muka juye kaset ɗaya na Uji zuwa kwamfuta. Hotonsa ya haura 10,000, ga shuuu ɗinsa nan, amma ana jin yatsa a kan tsirkiyar gurmi, abin da fayil ɗin memori ya rasa. Da ɗansa ya kira ya ji labarin duka, ya yi dariya har da tari, ya ce ko a aiko da sabuwar fitowa, an ce ta fi wannan.

"A'a, wannan ba ta yi laifin komai ba," in ji Kawu. "In kana son albarka, nemo mini rikodar kaset mai lafiyayyen kai, da igiyar da za ta haɗa ta da kwamfutar ɗan'uwanka."

Rikodar ta iso. Juyin kaset ba ya karɓar gaggawa, mai minti 60 sai ya ci minti 60, mai 90 ya ci 90, kuma sai an goge kan rikodar da auduga tsakanin kaset da kaset. Mun fara da na Haɗeja, 'yan majalisa kuma tuni wasu suka fara kawo nasu kwalayen.